Baƙi goma sha bakwai, masauki huɗu

Washegarin ƙaramar Sallah, ana saura kwana goma sha biyu ɗaurin auren autarmu, aka raba aiki a gida. Yaya babba ta ɗauki kayan ɗaki da gara, ƙanena ya ɗauki rumfa da kujeru. Ni kuwa sai bayan Isha'i Baba ya aika a kira ni zaure, ya miƙo mini wata takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta. Sunaye ne goma sha bakwai, dangin ango da abokansa da za su taso daga Jos.

"Waɗannan baƙinka ne," ya ce. "Juma'a za su iso, Lahadi su juya. Kada in ji an ce wani ya kwana ido biyu."

Na ce to Baba, ina murna a zuci an ba ni aikin da ya fi kowanne sauƙi. A lissafina waya zan ɗaga in kama ɗaki tara a otal guda, mutum biyu-biyu, in tura kuɗi in koma harkokina. Ashe kwana goma zan yi ina zagaya Katsina kamar mai cigiyar akuya.

Abu biyu ne ban sa a lissafi ba. Bikin ya faɗo a watan Afrilun 2025, Asabar ta biyu bayan Sallah, daidai lokacin da duk wanda ya ɗage aurensa saboda azumi yake saukewa, ko ina ka leƙa rumfa ce. Ga kuma bazara. Wanda ya san Katsina a Afrilu ya san zafi yakan haura digiri 40, bango ya wuni yana sha, da dare ya yi ta amayar da shi. Mu mun saba, tabarma muke fitowa da ita tsakar gida. To mutanen Jos fa, garin da ke bisa tsauni, inda dare yake da sanyinsa ko da bazara?

Na kai wa Umma takardar don ta taya ni ware maza da mata, tunda ita ke waya da uwar ango. Ta sa tabarau ta duba, ta ce, "Kai sunaye kake gani, ni mutane nake gani. Zauna." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Dattawa uku, babbansu baffan ango wanda zai karɓi auren, malamin zaure ne da ya haura shekara saba'in. Mata shida: gwaggonni uku, ɗaya da ciwon gwiwa, sai wata mai goyo, da 'yar budurwa mai taya ta raino, da yayar ango, likita. Samari shida har da angon. Ragowar biyun su ne mijin likitar da kuma maigidan ango na wurin aiki, waɗanda a faɗar Umma ba a kai irinsu inda za a miƙa musu bokiti.

"Malam kuwa," ta ce, "kada ka kuskura ka furta masa kalmar otal."

Na yi dariya, amma da na kira ango sai ya ce gaskiyar Umma ce, baffansa ya gwammace ya kwana a masallaci. Gare mu 'yan baya, otal ɗaki ne da gado. Ga tsarar su Malam kuwa kalmar tana da wani wari da har yau bai fita ba, don a zamaninsu in an ce wane ya tafi otal, wurin giya da kiɗa ake nufi. Ba kuwa don Katsina ba ta san saukar baƙi ba. Garin da ayarin raƙuma ya daɗe yana sauka daga Agadas da ƙetaren Sahara ai ba za a koya masa wannan ba. Falke yana da zangonsa, yana kuma da fatomansa, mutumin da zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya samo masa mai saye, ya ci tasa la'adar a cinikin. Mai neman ilimi yana sauka zauren malami. Da Turawa suka zo a 1903 suka kawo nasu salon, bariki, inda jami'in da ke rangadi zai kwana. A tsarinmu na da, ba ɗaki baƙo yake nema ba, mutum yake nema wanda zai sauka hannunsa. Har yau da wannan idon Malam yake kallon lamarin.

Nasa ne ma ya fi zuwa da sauƙi. Gidanmu cikin birni yake, wajen Ƙofar Marusa, kuma maƙwabcinmu Alhaji yana da wani tsohon soro na ƙasa mai rufin azara wanda ƙofarsa ke kallon masallacin unguwa. Bangonsa ya kai kamu ɗaya kauri, in ka shiga da azahar sai ka ce ba a garin kake ba. Baba ne da kansa ya je ya roƙa, don ba maganar yara ba ce. Ni nawa shi ne in sa a share, in kawo katifa uku da sababbin tabarmi, butoci, randa, da fanka mai caji. Dattawa uku sun fita daga takarda.

Daga nan na koma kan waya, na ɓata yini guda a intanet. Wasu lambobin ba sa shiga, wasu in an ɗauka sai a ce sai manaja ya dawo. Hotunan kuwa duk kyawawa ne, don ranar da aka buɗe wurin aka ɗauke su. Abin da na amfana da shi kawai shi ne taswirar Google da ta nuna mini inda wuraren suke. Saura kuwa, zuwa da kai ya fi aike.

Na fara da wani babban otal a GRA. Ba abin kushewa: ga masu gadi a ƙofa, ga wurin ajiye motoci, ga sanyi tun daga wurin karɓar baƙi, wuta dare da rana. Ɗaki mafi araha naira 45,000 a kwana. Na buga lissafi a tsaye, ɗaki tara kwana biyu ya kama 810,000, sai na ji mafarkina na saukar da kowa wuri guda ya mutu nan take. Na tambayi yarinyar da ke kan teburi ko kuɗin ke nan gaba ɗaya, ta ce ban da harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, wanda sai wajen biya yake fitowa. Karin kumallo na ciki, amma na mutum ɗaya ne kowane ɗaki, na biyu sai ya biya. Sallamar ɗaki ƙarfe 12 na rana, in ka wuce a ƙara maka kuɗi. Duk waɗannan ba wanda zai faɗa maka sai ka tambaya.

Na ce a nuna mini ɗaki. Yaron ya nufi wani da ke kusa da ƙofa, wanda da gani shi ake nuna wa kowa, na ce a'a, wanda za a ba baƙina nake son gani. Muna tafiya sai na hangi babban ɗakin taro an fara ɗaura masa yadin ado. Na tambaya, aka ce ai kowace Juma'a da Asabar akwai dina a wannan watan. Ɗakunan da aka so ba ni bango ɗaya ne tsakaninsu da lasifika. Na zaɓi biyu a can ƙarshen ɗaya ɓangaren don mijin likita da maigidan ango, na biya 193,500 har da haraji, aka ba ni rasit mai lambar ɗaki. Na fito ina jin zafin kuɗin, amma hankalina kwance.

Wahalar tana wajen samari. Su ba sa bukatar ƙawa, wurin kwanciya da wanka da cajin waya ya ishe su, saboda haka na nufi ƙananan gidajen saukar baƙi, irin gidan zama da aka mayar masauki mai ɗaki shida zuwa goma. Suna da yawa a Katsina yanzu, a sababbin unguwanni da bakin hanyar Kano da ta Dutsin-ma, kuma daga waje duk kamarsu ɗaya: katanga, baƙin get, ƙaramin allo. Wani abokina direba, wanda rabin rayuwarsa a irin waɗannan wurare yake kwana, shi ya ba ni dabara. Ya ce kowane gida in je shi sau biyu, da ƙarfe biyun rana da kuma ƙarfe goman dare. Rana za ta nuna mini ɗakin, dare ya nuna mini gidan.

Haka kuwa aka yi. Da rana nakan shiga in rufe ƙofa in tsaya minti biyu. Ɗakin da ke saman bene ƙarƙashin kwano, ko wanda bangonsa ke kallon yamma, tanderu ne, esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, zai yi ta fama da shi har dare bai ci ƙarfinsa ba. Sai in shiga banɗaki in murɗa famfo in bar shi yana zuba, don wani ruwan ɗan abin da ya kwana a bututu ne, yana ƙarewa sai iska. In ɗaga zanin gado in duba ɗinkin katifa, nan kuɗin cizo ke ɓuya. In duba wayar taga ko sauro ya samu ƙofa, in gwada sakata. A wani gidan ma'aikacin ya tsaya yana kallona, ya ce, "Alhaji, kama ɗakin za ka yi ko sayensa?"

Babbar magana ita ce wuta. In ka ce "Akwai wuta?" amsa ɗaya ce ko ina: akwai. Sai da na koyi yadda ake tambayar. Ƙarfe nawa ake tayar da inji, ƙarfe nawa ake kashe shi? In an kashe, mene ne zai ci gaba da aiki a ɗaki? A nan gaskiya take fitowa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ƙananan gidajen da ke amfani da janaretan fetur suka rage awanni, mafi yawan waɗanda na shiga daga magariba ne zuwa sha biyun dare. Wasu su ce maka ai suna da sola, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai solar tasu fitila da fanka take ɗauka. Esi ɗaya yana cin wutar fanka goma ko fiye, ƙananan batura ba za su riƙe shi har asuba ba. Kuma ruwan ma a wutar yake rataye, tunda sai da ita ake tura shi tanki daga rijiyar burtsatse. Gidan da ke ƙyashin mai, da safe za ka gane shi a banɗaki.

Zuwan dare ya fitar mini da gida biyu daga lissafi. Ɗaya na tarar da motoci da babura suna shiga suna fita, masu kama ɗakin awa biyu, na ce ba da ni ba, a ce a nan muka sauke angon ƙanwata. Ɗayan kuma janaretansa a gindin tagogin ɗakuna aka girke shi, ga ƙara ga hayaƙi. A na biyar na tsaya, wani gidan bene ɗaya a bayan hanyar Kano, da ɗan masallaci a bakin get, manajan dattijo ne mai magana a hankali. Ɗaki 16,000, muka yi ciniki ya bar mini 14,000 tunda uku zan kama. Muka kuma yi yarjejeniya ni zan sayo fetur ɗin da zai kai inji har kiran sallar farko. Na zaɓi ɗakuna uku a ƙasa masu kallon gabas, na tura rabin kuɗin kafin alƙalami, aka rubuta mini rasit. Ban karanta shi da kyau ba. "Ɗaki uku, kwana biyu" kawai aka sa.

Saura mata, kuma su ne suka fi hana ni barci. Gidanmu ya riga ya cika da danginmu na Daura da Mashi, ko wurin shimfiɗa sallaya babu. Otal kuma gwaggonni ba za su saki jiki ba, za su takure a ɗaki ne da mayafi kamar masu jiran likita, ga mai ciwon gwiwa, ga mai goyo da za ta nemi ruwan zafi da tsakar dare. Ina cikin wannan sai likitar ta kira ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Don Allah ƙanena, ba ku da irin masaukin nan na gado da karin kumallo?" Ta yi karatu a Ingila, a can ta san shi. Ta bayyana mini cewa gida ne na mutum, shi ma yana ciki da iyalinsa, sai ya ware ɗaki biyu ko uku yana saukar da matafiya, da safe ya dafa musu abin karyawa da hannunsa, kuɗin kwana da na abincin a haɗe. Babu ma'aikata masu yawa, babu abincin rana ko na dare, amma mai gidan ya san sunanka, ya kuma gaya maka hanyar da za ka bi.

Na ce mata ban taɓa ganin mai wannan allon a Katsina ba. Da na ba Umma labari sai ta ce, "Wannan ai saukar baƙi ce, kuɗi kawai suka sa mata." Ta yi shiru kaɗan, ta ce in je in gaida Hajiya.

Hajiya ƙawar Umma ce tun suna 'yan mata, tsohuwar shugabar makarantar firamare, mijinta ya rasu, 'ya'ya duk sun watse Abuja da Kaduna, sun bar ta a gida mai ɗaki biyar a Ƙofar Ƙaura ita da jikarta da mai aiki. 'Ya'yan sun sa mata sola mai ƙarfi, ga bishiyar darbejiya biyu sun rufe tsakar gida da inuwa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta amsa ba sai da ta yi mini tambayoyin da babu otal ɗin da ya yi mini: su waye, 'ya'yan waye, me tsohuwar ba ta ci, yaron wata nawa ne. Sannan ta tashi ta buɗe mini ɗaki uku a ɓangare guda, duk a ƙasa, ɗaya da banɗaki mai masai na zama, ta ce wannan na mai gwiwa ne.

Sai aka zo inda na fi jin tsoro. Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, to nawa za a kawo?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Mi ka ce? Gidan nawa ne ya zama otal?"

Na ba da haƙuri na fito da gumi. A otal an gaya mini farashi har da haraji ban ji kunya ba, a nan kuwa tambayar kanta laifi ce. Umma ce ta warware: kada in sake maganar kuɗi, in aika da buhun shinkafa ƙarami, da gero, da wake, da mai, da ƙwai, in cika mata tukunyar gas, in ba mai aikin nata wani abu a hannu. Ambulan kuwa sai bayan baƙi sun tafi, kuma ta hannun jikar.

Ranar Juma'a suka iso bayan La'asar, don sun yi sammako ta Kano gudun tafiyar dare. Na raba kowa inda zai sauka, na bar samari a ƙarshe. Muna isa sai yaron da ke kan teburi ya miƙo mini makullai uku, na duba lamba, duk na sama ne. Wasu masu biki sun zo ranar Laraba sun kama ƙasan gaba ɗaya, kuɗi a hannu. Na fito da rasit, yaron ya nuna mini da yatsa: ɗaki uku aka rubuta, ga ɗaki uku. Ba ni da bakin magana. Aka kira manaja, ya zo yana ba da haƙuri, ya ce ba ya nan aka yi. Da ƙyar ya lallashi mutanen suka saki ɗaki biyu. Na ukun ya tsaya a sama, yana kallon yamma, esinsa yana hura iska mai ɗumi. Mutum biyun da ya faɗa musu suka jure zuwa ƙarfe ɗayan dare, sannan suka kinkimo katifa suka sauko wajen 'yan'uwansu. Da safe ango yana ta yi mini tsiya wai ya kwana da ƙafar abokinsa a wuya, ni kuwa ina addu'a kada maganar ta kai kunnen Baba.

Da na biya ta otal, mutanena biyu sun yi barci, sun karya da shayi da burodi da ƙwai, ba su da ƙorafi, ba su kuma da labari. A Ƙofar Ƙaura kuwa na tarar an shimfiɗa babbar tabarma ƙarƙashin darbejiya, ga koko ga ƙosai ga waina da miyar taushe, Hajiya da gwaggon ango sun gano ashe suna da dangi ɗaya a Malumfashi, jaririn yana bayan jikar Hajiya. Likitar ta ɗago kofin koko ta ce mini, "Ka ce ba ku da shi."

Aka ɗaura aure ƙarfe 11 a masallacin unguwarmu. Malam taku ashirin ya yi daga ƙofar soro zuwa sahun gaba. Da yamma ya ce a kai shi ya ga hasumiyar Gobarau, muka bi da shi ta Ƙofar Soro, yana tafe yana tambayar ko Alhaji zai yarda ya sake sauka a soron nan in ya dawo ziyara.

Lahadi da hantsi motoci suka tashi. Na mayar da makullai, na cika wa manajan ragowar kuɗinsa, shi kuma da kansa ya cire na kwana ɗaya a ɗakin saman. Da la'asar na kai wa jikar Hajiya ambulan na gudo. Ban kai gida ba waya ta yi ƙara.

"Kai, dawo nan."

Na koma na durƙusa. Ta buɗe ambulan ɗin a gabana, ta zare takarda biyu ta miƙa wa mai aikinta, ta tura mini sauran da ƙafar tabarau. Ta ce in na sake samun baƙi mata, na gidan mutunci, in kawo su, ɗakunan ma sun gaji da zama a rufe. Amma in riƙa faɗa mata tun da wuri, kuma in zo da sunan iyayensu. Ta sa aka ɗauko mini kwanon fura ta ce in kai wa Umma, in kuma dawo mata da kwanonta.